Mitar Surukata, Makarantar 'Yata

Yau da safe, jama'a, na fita neman mutum biyu da za su shaida cewa ni uban banza ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban sha wahalar samunsu ba. Ko ƙarshen layinmu ban kai ba.

Na fara da Usta Girgis mai guga (Usta muke ce wa gwanin sana'a), wanda shagonsa ke ƙarƙashin benenmu. Ina ta kame-kame, ina neman ta inda zan ɓullo wa maganar, sai ya ajiye dutsen guga ya goge hannu a gaban riga.

"So kake in shaida ba ka iya riƙon 'yarka? Kawo biro."

"Haba Usta, ko ɗan jan aji ba za ka yi ba? Ka ce, 'A'a Ragab, kai mutumin kirki ne,' sannan in roƙe ka."

"Kai mutumin kirki ne. Kawo biro, ina da riguna a gabana."

Sobhi mai shayi kuwa da ya sa hannu sai ya tambaye ni ko akwai wurin ƙarin bayani, wai yana da abubuwan da ya daɗe yana son faɗa a kaina. Mutumin da nake shan shayinsa tun kafin in yi aure ke nan.

Bari in koma baya, don na ga wasunku sun fara yi mini wani irin kallo.

'Yata Nurhan tana aji uku a ƙaramar sakandaren 'yan mata da ke bakin layinmu, Layin Ɓaure. Daga barandarmu ina jin ƙararrawar tashi, ina jin muryar malamar lissafi in ranta ya ɓaci. Bana ce shekarar jarrabawar nan mai raba hanya, wadda ke nuna wa yaro ko zai wuce babbar sakandare ko a tura shi inda ba ya so. Nurhan likitar dabbobi take son zama, kuma ba don 'yata ce ba, kanta yana ja. Wanda ba a yi masa rajistar jarrabawar ba kafin ƙarshen watan nan, shekararsa ta tafi a banza.

To bara sai bangon makarantar ya tsage daga sama har ƙasa, irin tsagewar da kyanwa ke shiga ta fita ba ta sunkuya ba. Aka naɗa kwamiti. Ana gobe kwamitin zai zo aka shafe bangon da fenti ruwan ɗorawa, har cikin tsagewar, don kada a tayar wa manya da hankali. Mai Girma Shugaban Kwamitin Duba Tsagewa, Allah ya ƙara masa gani, ya sauko daga mota, ya dubi bangon ta cikin baƙin tabarau, ya ce a rufe makarantar da zarar shekara ta ƙare. Muka ce madalla, ga shugaba mai yanke magana.

In an rufe makaranta dole a raba yara. Wannan aikin ya faɗa hannun Mai Girma Basha Mai Jan Alƙalami, wanda bai taɓa taka unguwarmu ba, kuma ban ga laifinsa ba tunda ba mu da wurin ajiye mota. Ya shimfiɗa taswira, ya ja layi ja ta tsakiyar Layin Ɓaure, daidai inda ruwan wanki ke gudu. 'Yan gefenmu za su koma makarantar bayan layin dogo, karatun yamma, yarinya ta taso bayan magariba ta tsallaka hanyar jirgin da ba shinge. 'Yan wancan gefen kuwa sabuwar makaranta ce za a gina musu kusa da kasuwar kayan miya.

A garinmu, kun sani, ba a tambayar yaro inda yake kwana. Mitar wuta ake tambaya. Inda mita mai sunan ubansa take, nan ne gidansa, ko da mutanen gidan ba su san kamanninsa ba. Saboda haka kafin ka ce me, rabin layinmu ya shiga musayar mita. Mai ɗan'uwa a can gefen ya nemi ɗan'uwansa, marar ɗan'uwa ya ɗauki farantin basbusa, kek ɗin nan namu mai zaƙi, ya je ya ƙirƙiro zumunci.

Ni Allah ya rufa mini asiri da suruka. Hajja Nawal, mahaifiyar matata Intisar, barandarta na fuskantar tamu, kusancin da in ta yi atishawa mu ke ce mata Allah ya yi miki rahama. Daga baranda zuwa baranda aka yi cinikin, duk layi na saurare.

"Hajja, taimakon jikarki za ki yi. Mitarki ta koma sunana, tawa ta koma sunanki."

"Mitar marigayi? Mitar da ya bi layi da ƙafarsa ya karɓo?"

"Suna kawai za a canja, Hajja. Kowa na zaune a gidansa, ba abin da zai sauya."

"Da ka zo neman 'yata ma haka ka ce."

Ta dai yarda, saboda Nurhan. A makon da mitarta ta koma sunana ta sayi na'urar sanyaya ɗaki, ta ce likita ne ya ba ta shawara. Takardar kuɗin wutar kuwa da sunana za ta zo. Na bi layi a ofishin wuta, na bi a wurin ɗaukar hoto, na bi wani layin da sai da na kai gaba aka gaya mini na tukunyar gas ne. Aka ɗauke sunan Nurhan daga tsohuwar makaranta aka kai sabuwa. Na dawo gida ina tafiya irin ta uban da ya fi gwamnati dabara.

Saura mako guda a koma karatu sai aka yi sanarwa: an ɗage rufe makarantar da shekara ɗaya, saboda tausayin iyalai. Mata suka yi ta rangaɗa guɗa daga tagogi. Ni ma na tafa, don ban taɓa jin an ji tausayinmu da lasifika ba. Sai da ƙura ta lafa muka gane rufewar aka ɗage, layin ba a ɗage shi ba. Ai aikin Basha ne, kuma babban mutum ba ya jan layi ya goge. 'Yan gefenmu su ci gaba da zama a tsohuwar makaranta, 'yan can gefen su tafi sabuwa. Wato duk malalacin da ya kwanta bai motsa ba ya ci riba, mu masu himma muka tashi da aiki.

Na ce ba komai, ai sabuwa muke so dama. Ranar Lahadin da aka buɗe makarantu, don a garinmu Lahadi ake fara mako, na kama hannun Nurhan muka nufi kasuwar kayan miya.

Ƙofa ce, jama'a, ta gani ta faɗa. Baƙin ƙarfe mai ado, fitilu biyu a sama, ga allon dutse mai sheƙi da aka sassaƙa sunayen waɗanda suka aza harsashi. Har zagayen tukwanen itatuwan dabinon da aka yi hayarsu ranar biki yana nan a ƙasa. Bayan ƙofar kuwa ginshiƙai ne a tsaye, rodi ya yi cirko-cirko yana kallon sama. Ashe da aka ɗage rufe waccan, sai aka ɗage kuɗin ƙarasa wannan, don a yi adalci. Shugaban makarantar yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin lema, da taye a wuyansa.

"Nurhan Ragab? Tamu ce, Ustaz. Muna alfahari da ita."

"To ina ajinsu?"

Ya ɗaga biro ya nuna sararin Allah. "Hawa na biyu, hannun dama."

"Rajistar jarrabawa fa?"

"Makarantar da ba ta buɗe ba ba ta da ikon yin rajista. Amma duk ranar da ta zo zan rubuta ta zo."

Muka juya tsohuwar makaranta. Shugabar ta tarbe mu da fara'a, har ta rungume Nurhan, ta ce ita da hannunta ta ba ta kyautar kimiyya bara. Sannan ta ce sai dai yarinyar ba 'yar yankinsu ba ce. Na ja ta zuwa tagar ofishinta na nuna mata barandarmu.

"Malama, waccan rigar makarantar da ke kan igiyar shanya, ta wace ce?"

"Ta Nurhan ce, na gane ta."

"To?"

"Ustaz Ragab, riga ba mita ba ce."

Na ruga ofishin wuta a mayar mini da mitata. Aka ce ba a canja sunan mita sau biyu a shekara ɗaya, don hana mutane wasa da hukuma. Na yaba da wannan tsari ƙwarai. Ƙasar da ba ta tsare mutuncin mitocinta ba ai ba ƙasa ba ce.

Kwana da kwanaki Nurhan na tashi da asuba ta sa kayan makaranta, ta zauna a baranda da littafi a cinya. In malamar lissafi ta ɗaga murya sai ta karkata kunne ta rubuta abin da ta tsinta. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta ce Baba kai ka jawo ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Nakan fita zuwa shagona na gyaran fanka ta ƙofar baya don kada mu haɗa ido.

Usta Girgis ne ya fara lura da abin da ya kamata in lura da shi. Ya ce, "Ragab, ka san a gidanka akwai mai ikon shiga aji uku?"

"Wa?"

"Hajja Nawal. Mitar gidan sunanta ne. Ka saya mata jaka."

Na yi dariyar yaƙe, amma na ɗauki maganar na kai ofishin ilimi na gunduma, wurin Ustaz Mai Hatimi, mutumin da in ya ɗaga hatiminsa sai ka ji numfashinka ya tsaya. Ya saurare ni yana juya cokali a kofin shayi. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya.

"Akwai hanya. In yarinyar a hannun kakarta take, gidan kakarta ne gidanta."

"Ai gidana ne."

"A wurinmu na kakar ne. Ka rubuta cewa ba ka iya riƙonta, ka miƙa wa kakarta ita da duk al'amuran karatunta. Shaidu biyu daga unguwa."

"Ranka ya daɗe, wato don in tabbatar yarinya tana kwana a ɗakin da take kwana, sai na rantse ba ta kwana a wurina?"

"Ka gane ke nan. Wasu sai na maimaita musu."

Intisar ta yi ta zubar da hawaye, ta ce me mutane za su ce. Na ce mutane suna can suna fama da tasu mitar. Gaskiya ce kuwa, don yanzu farantan basbusa sun juya hanya, daga can gefen suke tsallakowa gefenmu. Waɗanda da gaske a can suke zaune, ba su yi musaya ba, ba su yi dabarar komai ba, su ne 'ya'yansu ke gida suna tsintar shinkafa. Ba kowa Allah ya ba suruka a daidai wurin da ake bukatarta ba.

Abin da ya kai ni wurin mai guga da mai shayi ke nan yau da safe. Daga nan na zauna a kan bencin Sobhi na rubuta abin da aka ce in rubuta. Na taɓa sa hannu a abubuwa marasa daɗi a rayuwata, amma ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Hatimi ya sauka kafin azahar. Ku faɗi abin da za ku faɗa a kan ofisoshinmu, amma in uba zai rabu da 'yarsa ba sa ɓata masa lokaci.

Hajja ta sauko cikin baƙar rigarta ta zuwa biki, da sanda, da turare. Ita ce gaba, mu muna biye. Na ba Nurhan takardar ta riƙe saboda hannuna gumi yake yi, na manta cewa yarinyar da ake wannan faɗan dominta ta iya karatu. Muna cikin tafiya na ga leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko.

"Ƙarya ce fa, Nurhan. Kin san dalili."

"Na sani, Baba."

"Ta gwamnati ce kawai. Ba wanda zai karanta."

"Na sani." Ta ninke ta a hankali. "Rubutunka ne dai. Da na ɗauka da inji za a buga."

Muka kai ƙofar tsohuwar makaranta.

Ammu Hilmi, wato Baffa Hilmi mai gadi, ya miƙe ya gaida Hajja, ya buɗe mata ƙofa har bango. Nurhan ta bi ta. Na ɗaga ƙafa zan shiga sai ya sa hannu a ƙirjina, mutumin da na gyara wa fanka kyauta a zafin bara.

"Yi haƙuri, Baban Nurhan. Mai riƙon ɗaliba kaɗai ke shiga."

"Ammu Hilmi, ni ne fa."

"Na san kai ne. Makarantar 'yan mata ce, ba a barin maza 'yan waje su tsaya a bakin ƙofa. Ɗan matsa can tsallake, don Allah, kada a ga laifina."

An yi mata rajista. Ta koma kujerarta ta da, kusa da tsagewar, inda ta ce iska ta fi shigowa. Ina godiya ga Mai Girma Basha, da Shugaban Kwamiti, da duk wanda ya taimaka da alƙalami ko da hatimi. Allah ya bar mana su, ya ƙara musu taswira.

Abu ɗaya nake roƙon masu wucewa ta Layin Ɓaure. In kun ga wani mai furfura a tsallaken titi lokacin tashi, yana leƙen ƙofar makarantar 'yan mata, don Allah kada ku kira 'yan sanda. Jikar Hajja Nawal yake jira. Ba kowa ba ne, ubanta ne kawai.