Ranar da Ladabi Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da na tona wa kaina asiri da ɗan yatsana a gaban manyan kamfaninmu kaf.

Ina aiki ne a wani babban kamfanin waya da intanet a unguwar Ouaga 2000 ta babban birninmu, a sashen na'urori. Idan lasifika ta shaƙe a ɗakin taron manya, ni ake kira. Cikin manyan akwai mataimakin darakta, ɗan Zongonmu, wato unguwarmu ta Hausawa, aminin marigayi mahaifina, kuma shi ya samo mini aikin. Kowa "Musye" yake ce masa, wato "Yallaɓai" da Faransanci. Ni bakina bai taɓa iyawa ba, Baba Alhaji nake cewa tun ina yawo ba wando.

Matsalar ita ce Baba Alhaji ya mai da bayanan masu layinmu gonar gado. Idan abokinsa ɗan kasuwar atamfa yana son sanin wane dila ne a Kano kishiyar sana'arsa ke kira, sai ya sa a ciro masa jerin kiran mutum gaba ɗaya. Sau biyu ya sa ni, sau biyu na yi (kada ku harare ni, ina da 'ya'ya uku da babur mai shan mai kamar raƙumi). A karo na uku sai na ga lambar maƙwabciyarmu ce, wata baiwar Allah mai sayar da turmin atamfa ɗai-ɗai tana ciyar da marayu. Abin ya tsaya mini a rai.

Kamfanin yana da layin sirri na kai ƙorafi. An ce na'ura tana sauya muryar mai kira, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba. Na san idan aka gane ni aiki ya tafi, a Zongo kuma an samu butulun shekara. Don haka na hau babur har unguwar Dassasgho inda ba wanda ya san ni, na ari wayar wani mai faci, na kira. Na dawo ina ji da kaina, wai ni gwanin leƙen asiri.

Ranar taro, shugabar kwamitin ɗa'a, wata Madam da ban taɓa ganin haƙorinta ba, ta ce akwai saƙon da za a saurara. Wa zai kunna? Ni mana. Na danna, na koma gefe na harɗe hannu kamar ba ruwana.

Murya ta fito kamar ta kwaɗo a rijiya. Na'ura dai ta yi aikinta. Abin da tsoro ya mantar da ni shi ne yadda na buɗe maganar. Kafin Faransanci ya fara, sai kwaɗon ya ce da Hausa:

"Salamu alaikum. To, da farko ina gaida Baba Alhaji, in har za a kunna masa. Ya gida, ya iyali? Ya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi."

Daga nan ya zayyana laifin tsaf, ya rufe da, "Baba Alhaji ka yafe mini, ka san marigayi bai koya mini ƙarya ba."

Madam ba ta jin Hausa, amma ta ji suna.

"Wane ne Baba Alhaji?" ta tambaya.

Kawunan manya ne kawai suka juyo kaina ɗaya bayan ɗaya, domin ba wanda bai taɓa jina ina durƙusa masa da wannan sunan a baranda ba. Nan take na tuna akwai wata waya a ƙarƙashin tebur da ke buƙatar gyara, na shige. Ina kallon takalman mutane ina roƙon ƙasa ta tsage.

Baba Alhaji ya yi gyaran murya.

"Ƙafar Hajiya da sauƙi, ɗana," ya ce. "Fito, ba a amsa gaisuwa a ƙarƙashin tebur."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

An yi bincike, aka sauke shi. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi saboda sau biyun nan, amma aikina ya tsira. A Zongo na yi wata guda ina bin lungu, har yanzu akwai majalisar da ke yin shiru idan na gitta, kuma abin yana mini ciwo. Mafi muni, kamfanin ya riƙe saƙon. Duk sabon ma'aikaci sai an kunna masa shi a matsayin misalin yadda ba a kai ƙorafin sirri.

Na dai koyi darasi. Gaskiya a faɗe ta, ko a kan wa ta faɗa. Amma idan za ka tona asirin babba a ɓoye, ka fara zuwa gidansa ka gaishe shi ka ƙoshi, sannan ka ɗauki waya.