Solar Alhaji Badaru Ba Ta Shan Rana

Duk wanda ya ce ƙasar Karaye ba ta da masana, bai taɓa zama kusa da Alhaji Badaru na Unguwar Hajji ba. Mutum ne da Allah ya hore wa sani har ya yi masa yawa, sai ya riƙa raba wa jama'a kyauta, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Ya taɓa gyara wa likita riƙon allura. Ya taɓa nuna wa maƙeri inda wuta ta fi zafi. Sana'arsa dillancin gyaɗa, amma tun da ya halarci wani taron bita na kwana biyu a Kano ya dawo da jaka mai tambari, ya hana a kira shi komai sai Injiniya. 'Yan unguwa, da yake mutane ne masu kara, suka ƙara masa da Garkuwan Haske.

Bana Injiniya ya gama sabon gidansa, mai jan kwano da ƙofar ƙarfe mai zanen ɗawisu biyu. Ya sanar a majalisa cewa gidansa ba zai jira wutar gwamnati ba, ba kuma zai sha hayaƙin janareta ba.

"Zamanin duhu ya wuce," in ji shi, yana gyara hula. "Ni rana zan ɗauka aiki. Ba albashi, ba hutun Sallah."

Akwai dalilin wannan ɗoki. Unguwa ta haƙa rijiyar burtsatse, saura a ɗora mata sola don mata su huta da dogon zuwa ɗiban ruwa. Ana neman wanda zai shugabanci aikin, an kuma bar zaɓin a hannun Malam Shitu, mai makarantar allon da ke maƙwabtaka da sabon gidan, shi da dattawa. Injiniya ya riga ya ga kansa a kujerar. Ya ma yi alkawarin cewa abin da ya yi wa gidansa shi zai yi wa rijiya, ba ragi.

Aka sauke farantan sola goma sha biyu daga Kano, da batura, da inbata mai juya wutar batir ta zama ta gida. Aka kira Ikrama daga Rogo Sabon Gari, wanda ya shekara tara yana wannan aiki. Ikrama ya jingina tsani zai hau rufi, Injiniya ya riƙe masa ƙafar wando.

"Ina za ka kai su? Sama? Wa zai gan su a can, shirwa?"

Haka aka kafa su a ƙofar gida, a kan ƙarfe daidai ƙirjin mutum, inda duk mai wucewa kasuwa zai gani ya yi tasbihi. Ikrama ya haɗa wayoyi, ya gwada, wuta ta kawo. Ya yi sallama ya tafi.

Washegari da azahar Injiniya ya fito ya ɗora hannu a kan faranti ɗaya, ya janye da sauri. Zafi kamar tandar waina. Hankalinsa ya tashi. A gidan Injiniya ba a wulaƙanta sabon abu. Kujerun falonsa suna cikin ledarsu shekara shida. Rimot ɗin talabijin yana da riga. Motarsa ba ta taɓa yini a fili ba. To, yaya za a bar kaya mafi tsada a gidan a shanye kamar barkono?

Hausawa sun ce tafin hannu ba ya kare rana. Injiniya ya yarda da wannan magana, shi ya sa ya sayo kwano bandir biyu. Kafin Juma'a kafinta ya kafa wa farantan rumfa mai kyau, da 'yar baranda ta gabas da ta yamma don kada hantsi ko la'asar su saci hanya.

Labari ya kai wa Ikrama, ya hau babur ya zo da kansa.

"Ranka ya daɗe, ai ranar ce abincinsu. In ka raba su da ita, me za su ci?"

"Samari," in ji Injiniya, cikin tausayin wanda bai je taron bita ba, "ka taɓa ganin abin da rana ta gyara, in ban da kilishi da kuɓewa? Shadda ta koɗe, fenti ya koɗe. Haske ake nema, ba ƙuna ba. Ni da nake tsaye a rumfar nan, duhu kake gani a fuskata?"

Sannan ya shiga ya kunna fanka, ta juya. Hujja ta ƙare. Ikrama ya so ya ce baturan cike suka zo daga shago, kuma tulu ko na sarki ne in ana ɗiba ba a zubawa sai ya ga ƙasa. Amma Injiniya ya riga ya juya yana yi wa wani manomi bayanin yadda ake shuka dawa.

Aka sa walimar buɗe gida ranar Asabar ta makon gaba, tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Don kada a gajiyar da sola kafin babbar rana, Injiniya ya hana a kunna komai sai firiza. Hajiya Barira, maiɗakinsa, ta cika ta da zoɓo da kunun aya. Tun Alhamis ta ce masa firizar ta daina gurnani. Ya ce irin ta zamani ce, ba ta da surutu.

Baƙi suka zo har daga Falgore. Aka cika falo, leda tana ƙara a ƙarƙashin manya. Injiniya ya miƙe da lasifika a hannu, ya yi jawabi a kan makomar Afirka. Ya tausaya wa masu ƙaramin tunani, ya kawo misali da farantin sola ɗaya tilo da ke kan soron Malam Shitu, an danne shi da dutse, rana tana dukansa tun safe.

"Wannan ai faifan rufe tukunya ne. Yau za ku ga sola ta masu ilimi."

Ya yi bisimilla, ya danna makunnin fankoki takwas a lokaci guda. Fankokin suka yi rabin juyi, kamar mai gaisuwa daga nesa. Inbata ta yi kuka sau uku irin na ɗan tsako, ta yi shiru. Lasifika ta mutu a tsakiyar kalmar "fasaha".

Aka kawo zoɓo, ɗumi kamar shayi. Kunun aya kuwa ya riga ya shiga wata rayuwa.

Injiniya bai girgiza ba. Babban mutum ba ya rasa bayani.

"Baki ne," ya ce. "Idon jama'a ya yi wa farantan yawa. Gobe zan sa a zagaye su da katanga."

Gumi ya kori dattawa waje. Suka duba, babu wuri mai sanyi a duk gidan sai rumfar sola, inda awaki uku suka riga su kama wuri. Nan aka shimfiɗa tabarma. Malam Shitu ya sa aka jawo waya ta kan katanga daga faifan rufe tukunya, lasifika ta farfaɗo, aka yi addu'ar gida da ita.

Bayan an shafa, Malam ya ɗaga kai ya daɗe yana duban kwanon.

"Alhaji, wannan rumfa ta yi. Ban taɓa zama a inuwa mai daɗinta ba. Kowa da baiwar da Allah ya ba shi. Aikin solar rijiya mun ba Ikrama. Kai kuma za ka yi wa mata rumfar da za su jira layi. Sharaɗi ɗaya ne: tsakaninta da farantan rijiyar, taku arba'in."

Dattawa suka ce madalla, kowa yana duban tabarma.

Yanzu ruwa yana zuwa Unguwar Hajji tun hantsi. Injiniya ya buga sabon kati mai ruwan zinare: Shugaban Sashen Inuwa. Kullum da safe Hajiya Barira tana miƙa wayarsa ta kan katanga a sa masa caji a makarantar Malam.

Farantansa goma sha biyu kuwa suna nan a rumfarsu, an ƙara musu katanga. A yi masa adalci: har yau ko ɗaya bai koɗe ba.