Jan Ƙyalle a Ciyawar Tafki

"…da gajiya kuma? Tsoho, tun daga bakin hanya nake gaishe ka!"

Ina toshe ɓular kwalekwale jikar mai gadin tafkinmu ta iso, ta tsaya kan kakanta da ke zaune kusa da ni. Aikin kakanta shi ne ɗaura jan ƙyalle a ciyawar da aka hana mu yanka, saboda wani ɗan tsuntsu da ya kusa ƙarewa yana sheƙa a ciki. Tsuntsun yana da ɗan'uwa da ya cika ko'ina. Ido ba ya raba su, sai kunne. Gobe kuma za mu fara yanka.

"Na ji ki, amarya," in ji kakan. "Share ki na yi. Murya kamar tsohuwar ƙofa."

"To angona, wa ka ɗaura wa ƙyalle a gabas?"

"Mai wuyar samun mana. Tun ba a haifi uwarki ba na san kukansa."

"Na gabas abu ɗaya yake ta nanatawa, irin labarinka na kada. Wannan ko a kwatar bayan gida akwai shi. Mai wuyar samun, mai kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye, yana yamma, ko zare babu a ciyawarsa."

"Ƙarya kike, mai kunnen zomo."

"Ga shi nan yana yi. Nuna min inda yake."

Tsoho ya karkata kai, ya daɗe. Ni ina jin tsuntsun sarai daga yamma, kamar a kafaɗata yake. Ya ɗaga hannu ya nuna gabas.

Ba wanda ya yi dariya. Na sunkuya ina goge katakon da na riga na goge.

"Tun yaushe, Kaka?"

"Tun bara." Ƙasa yake kallo. "In ofis suka ji, sun sallame ni."

"In je in ce musu me? Kurma na aura? Ni ma ina da kunya."

Ya laluba aljihu, ya zaro ragowar ƙyallayen.

"Ungo. Ga zanen da kike ta roƙona."

"Marowaci! Wannan ko tsuntsun ba zai rufe ba."

Magana ba ta hana lauje. Na tura kwalekwale cikin ruwa, na juya kansa yamma. Tsoho ya yi 'yar dariya, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Zauna kusa da ni," ya ce mata. "Ki nuna, ni in ɗaura. Ƙullinki ba ya kwana."