Yadda Za Ka Hana Mijin Yayarka Saki da Ilimin Boko

Mijin yayarka ya rantse in ta sake haihuwar mace za ta koma gida? Bi matakan nan, aure zai tsira. Na gwada su a kan Bakari masunci, mijin yayata Yakaka.

1. Shiri

Sa farin wandonka na makarantar Midil, ka ratsa fadama da damina. Mai kawo wa Haɗeja wayewa ba ya naɗe ƙafar wando.

2. Wuri

Kada ka same shi shi kaɗai. Tare shi a bakin kogi cikin abokansa. Yanke gaisuwa, doguwar gaisuwa ce ta hana ƙasar nan ci gaba.

3. Darasi

Tsinko zare daga komarsa ba tare da izini ba. Ka ce a jikin mutum da dabba akwai zarurrukan gado, Bature na kiran su kuromosom. Biyu-biyu suke, suna musaya kamar maƙwabta, shi ya sa ba sa lalacewa. Ɗaya ne, zaren da ke sa a haifi namiji, tun zamanin da ya daina musaya da abokinsa yake ƙanƙancewa. Daga uba yake zuwa, Yakaka ba ta da shi.

In Bakari ya ce, "Kai yaro, Allah ke bayarwa," ka ce, "Ƙwarai, Yaya, amma ta hannunka ake aikowa, kuma zarenka guntu ne."

4. Gaskiya

Abokinsa Bunu zai ce, "Ɗan boko, agwagwa fa?" Kada ka yi shiru. Ka ce a tsuntsaye uwa ce ke zaɓa. Bakari zai yi tsalle: "Kun ji! Yakaka ai cikin agwagi take wuni!" Yanzu ka rusa rabin aikinka. Haka masana suke yi.

5. Sakamako

Kafin la'asar duk bakin kogi na kiransa Guntun Zare. Ba zai saki kowa ba, don in ya auro wata ta haifi mace, sunan ya bi shi har kabari.

Yakaka ta haihu, mace. Tana ɗakinta. Ni kuwa Bakari ya hana ni taka zaurensa, naman suna ma a bakin Bunu na ji labarinsa.

Gargaɗi: babu ruwana da wandonka ko zumuncinka. In ka wayi gari ba mai musayar ko gaisuwa da kai, kana ƙanƙancewa a ɗaki kai kaɗai, ka san zaren da ka zama.