Motar da Na Zaɓa Wa Yaya Nasiru

Ba zan taɓa mantawa da damanar da Yaya Nasiru ya tashi sayen mota ba. Motar ba tawa ba, kuɗin ba nawa ba, amma ni na kwashi kunyar gaba ɗayanta.

Yaya Nasiru wana ne, kuma sana'arsa hatsi. Yana shiga ƙauyukan Zurmi da Sakajiki ya auno gero da dawa, ya kai Kasuwar Daji ko Shinkafi ranar kasuwa. Da ya gaji da hayar motocin mutane, sai wani dillali a nan Ƙaura ya ajiye masa motoci biyu a ƙofar gida, ya ce ya gwada ya zaɓa. Ɗaya tsohuwar a-kori-kura ce, wai a da fara ce, yanzu ta koma kalar kunun kanwa, ƙyauren bayanta ma da igiya ake ɗaure shi. Ɗayar kuwa jif ce 'yar Kwatano, baƙa wuluk, gilasanta masu duhu, sai ki tsaya ki gyara ɗaurin ɗankwalinki a jikinta.

Hankalin Yaya yana kan tsohuwar. Ya ce tana cin buhu, tana da tsayi, kuma in ta lalace a daji ko mai gyaran injin niƙa zai iya tayar da ita. Ni kuwa na gaya masa gaskiya, kamar yadda na saba gaya wa kowa ko bai tambaya ba: in ya sayi wannan gwangwanin, kada ya ƙara nuna ya san ni a kan titi.

To ni ma ina da tawa matsalar a lokacin. Lawali, wanda zan aura, mahaifiyarsa tana zaune a wani ƙauye can bayan Zurmi. Ba ta taɓa ganina ba, ban taɓa ganinta ba. Wasu 'yan kai-da-kawowa sun riga sun kai mata labarin cewa yarinyar Ƙaura ba ta da kunya, bakinta kamar reza (ban ce ƙarya suka yi ba, amma wa ya aike su?). Sai Inna, wato mahaifiyar tasa, ta ce ba za a sa rana ba sai ta gan ni da idonta. Ana cikin haka ƙanwar Lawali ta haihu, aka gayyace mu suna. Mamata ta zaunar da ni ta yi mini bita kamar mai shiga jarrabawa: kai a ƙasa, gaisuwa a durƙushe, in ba a tambaye ni ba kada in buɗe baki, in an tambaye ni ma in rage.

Yaya ne zai kai ni, don haka ya ce tafiyar ita ce gwajin mota, kuma a-kori-kura za mu shiga tunda an yi ruwa. Na ce wallahi ba zan je gidan surukai ina warin buhu ba. Ya ce hanyar akwai rafi. Na ce shi ya sa aka ƙera jif. Mama ta ce mu daina cika mata kunne, mu je mu dawo kafin la'asar, mun san halin hanya. Yaya ya dube ni ya girgiza kai, ya ɗauki makullin baƙar.

Na sha leshi ruwan zuma, siket ɗin ya kama ni yadda sai na yi dabara nake ɗaga ƙafa, hannuna ya sha jan lalle. Ban zauna gaba ba. Baya na shige na kame a kusurwar masu mota, kayan barka a gefena: atamfa, rigunan jarirai da sabulai. Na ce wa Yaya ya ƙara sanyi. Ya ce shi ba direbana ba ne, amma ya ƙara.

Kuma maganar Allah, jif ta yi ƙoƙari. Muka sauka daga kwalta bayan Zurmi, ta shiga taɓo ta fita, ta hau kwazazzabo ta sauka, ni ko girgiza ban ji sosai ba. Kowane rami muka wuce sai na tambayi Yaya ko gwangwaninsa zai iya. Da muka iso rafin, ya tsaya ya ce bari mai babur ya zo ya fara wucewa mu ga zurfinsa. Ni da jira ba ma shiri. Na dame shi har ya taka mai. Ruwa ya taso har yana lasar ƙofa, muka haye. Wata 'yar jar fitila ta kama a gaban sitiyari, Yaya ya ce bai yarda da ita ba. Na ce ado ne, motocin manya haka suke.

Abin da ban sani ba shi ne, a ƙauyen nan baƙar jif mai duhun gilas ba ta shigowa sai da ɗan siyasa a ciki. Ga shi zaɓe ya matso, kuma an yi ta raɗe-raɗin cewa matar wani ɗan takara tana zagaya ƙauyuka tana rabon taki da atamfa. Muna shiga sai yara suka biyo mu da gudu suna kiran Honarabul. Kafin mu kai bakin masallaci, mata sun fito daga gidan suna, har wata ta rangaɗa guɗa. Dole Yaya ya koma tafiyar hawainiya.

Mai hankali zai sunkuyar da kai. Ni sai na ji wani daɗi ya taso mini tun daga ƙafa. Na sauke gilas kaɗan, daidai yadda hannu zai fita, na fara ɗaga musu. Yaya ya ce in mayar da hannuna kafin ya karya shi. Wani dattijo ya matso yana kukan rijiyarsu ta rufta, na maƙale murya na ce mun ji kukansu, za a duba. (Ni da ko guga ban mallaka ba.) Ai babu mai ganin fuskata, me zai faru?

Sai ga wata 'yar tsohuwa ta kutso har jikin gilas. Ƙarama ce, zaninta ya koɗe, duk ta yi warin hayaƙi, da alama daga bakin murhu take. Tana murmushi tana cewa sannunku da hanya, ɗiyata, tana son ta ƙara wata magana. Ban bari ta ƙarasa ba.

"Baba, haƙuri za ki yi, yau ba rabo muka zo ba," na ce. Sai kuma tausayi irin na manya ya kama ni, na laluba cikin kayan barka na zaro sabulu guda na tura mata ta kafar gilas. "Ga wannan dai, a yi wanka."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.

A daidai nan jif ta yi tari ta mutu. Ƙofofi suka kulle kansu, ƙat. Sai ta ɓarke da jiniya, fitilu suna walƙiya, awaki suka watse. Yaya ya murɗa makulli, shiru. Ya ja ƙofa, ta ƙi. Gilas ya ƙi sama ya ƙi ƙasa. Ina cikin yi masa tsawa ya yi wani abu, sai na hango Lawali ya ratso taro cikin shaddarsa, ya rusuna a gaban tsohuwar nan.

"Inna, ai su na. Ba na ce ki zamna in shigo miki da su ba?"

Ban san ko kun taɓa roƙon Allah ƙasa ta tsage ba, alhali kuna zaune kan kujerar fata. Sanyi ya ɗauke, rana ta buga, mota ta koma tanda. Hoda ta fara gangarowa zuwa wuyana. Duk da haka da za a bar ni, da na zauna a ciki har a yi sallar layya.

Ba a bar ni ba. Yaya ya miƙa wa Lawali makulli ta kafar nan da na buɗe don yin mulki. Aka gwada ƙofar direba, ramin makullin ya daɗe da tsatsa. Ƙyauren but na baya ne kawai ya buɗe. Yaya ya tsallake kujeru ya fita yana dariya har da riƙe ciki. Saura ni. Siket ya hana ni ɗaga ƙafa, sai da na kwanta rubda ciki a kan kujera na mirgina. Ɗankwali ya maƙale ya zauna a mota, takalmi ɗaya ya bi shi. Da baya na fito, ƙafa tana lalube a iska, a gaban surukata da danginta da dattijon rijiya. Wata mata daga baya ta ce ashe manya ta nan suke sauka.

Ranar nan ban ƙara ɗaga kai ba. Aka kai ni ɗakin mai jego, na ja mayafi na rufe fuska, na lafe a lungu. Aka kawo fura, ban taɓa ba. Aka tambaye ni mutanen gida, muryata ta ƙi fita. Har na ji gwaggwannin Lawali, waɗanda suna ciki lokacin da abin ya faru, suna cewa an yi wa yarinyar nan ƙazafi, su ba su taɓa ganin mai kunya irinta ba.

Can sai Inna ta shigo da kwanon tuwo ta ajiye a gabana, ta zauna kusa da ni. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ta tare ni.

"Ci abinci, ɗiyata. Ni ban ga kowa ba, gilashin baƙi na. Hannu ɗai ni gani." Ta kamo hannuna ta juya shi. "Lallen ga ya yi kyau."

Jif kuwa sai da Yaya ya hau tudu ya samu sabis ya kira dillali. A-kori-kura ce ta zo, ta ratsa rafin kamar ba ta gan shi ba, ta jawo baƙar da igiya har Ƙaura. Bakanike ya ce ruwa ne ya shiga ƙwaƙwalwar motar. Yaya ya ce tun daga gida ya shiga ta wata. Tsohuwar motar ya saya.

Bayan kwana biyu Lawali ya zo da saƙo: Inna ta ce a sa rana. Wai yarinyar da kunya ta hana ta shan fura ba a ce mata marar kunya, ga shi kuma hannunta a sake yake, tun ba ta san mutum ba take masa kyauta.

Shawarata ga mai neman motar shiga daji: ya sayi wadda ake murɗa gilashinta da hannu, wadda kowa ke ganin na ciki tun daga nesa. Ba don taɓo ba. Akwai irinmu da bai kamata a ba mu baƙin gilas ba, don duk tarbiyyarmu a fuska take, da an rufe ta shi ke nan.