Rasuwar Kwalba, Ma'aunin Ruwan Samanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni faɗi da baki, ni Badi'a Munkaila nake sanar da 'yan uwa da duk masu garka a fadamarmu ta kusa da Badagishiri rasuwar ma'aunin ruwan sama na gidanmu, wadda kowa ya sani da suna Kwalba, ko da yake roba ce. Ta rasu jiya Talata da azahar a bakin tabki, tana da shekara tara.

Marigayiya ta zo garinmu cikin jakar wani malamin gona. Baba ya kafa mata turke a fili, nesa da inuwar dogon yaro, ya ce ni zan riƙa duba ta tunda ba na son shiga mutane. Mun dace da juna. Ko da na tafi jami'a, hutun damina a wurinta nake yin sa.

Ta kasance mai gaskiya da ƙarancin magana. Ba ta taɓa ƙara ɗigo ɗaya don ta faranta wa kowa ba. Idan hadari ya sauko za ka ji ta tana cewa tas, tas, tas, sai ta yi shiru ta kama aikinta. Da safe in na karanta na juye ta, sai ta ce ƙul-ƙul, shi ke nan zancenta na ranar. Ta haƙura da kashin tsuntsaye, da akuyar maƙwabta mai sosa jiki a turkenta.

A hankali ta zama mai faɗa a ji. Kowace shekara bayan girbi masu garka sukan taru su tambaya, nawa Kwalba ta ce? Baba ne yake ba da amsa, ni ina saurare daga bayan zana. In ta wuce milimita ɗari huɗu, kowa ya buɗe fangali iya ƙarfinsa, don an san tabki zai kai har a cire albasa. Bana ta ce ɗari huɗu da saba'in. Baba ya ƙara fangali talatin a kan hamsin ɗin da ya saba.

Daga nan jinyarta ta samo asali. Sanyin bana bai yi sati uku ba zafi ya dawo. Gulbin da a da yake shayar da tabki har bayan kaka, tun gero bai gama nuna ba ya tsaya. Tabki ya soma ja da baya. Sau biyu ana ƙara wa injinan ban ruwa tsawon tiyo, suna bin ruwa yana gudu.

Da farko Kawu Isufu, ƙanen Inna, aka zarga, wai babban injinsa ne yake shanye rabon jama'a. Yau kwana ashirin shi da Baba ba su gaisa ba. Sannan aka juyo kan marigayiya. Sarkin noma Alhasan ya ce wa Baba a gaban mutane, "Munkaila, robar taka ce ta tsufa, ko kuwa a jami'a ba a koyar da ƙirga?" Aka yi dariya. Baba ya dawo gida ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Ɗiyata, kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Ban san ko ya ji ba.

Washegari na sauke ta daga turke, na cika ta da ruwa, na rufa mata ragar sauro don tsuntsu da akuya, na ajiye ta a bakin tabki. Na kuma soka kara a cikin tabkin na yi masa alama. Malamaina za su ce wannan ba aikinta ba ne, akwai farantin da aka yi dominsa. Ita kaɗai gare ni. Kowace safiya sai in tarar ta ragu da milimita takwas, wani lokaci tara, alhali babu bakin da ya taɓa ta. Ranar kasuwa ko injin ɗaya bai tashi ba, amma da na duba karan, tabkin ma ya sauka kusan haka. Rana ce take sha, busasshiyar iska tana kwashewa. A wannan tafiyar, ruwan damina guda ba zai yi musu wata biyu ba.

Kwana goma sha ɗaya ta yi tana wannan aikin. Dama rana ta daɗe tana cin jikinta, ta yi rawaya, lambobinta sun dusashe. Jiya ina tsugune gabanta na ji ta ce ƙas. Ta tsage daga baki har gindi, ruwanta ya tsiyaye kan laka. Ban gama gyara mayafina ba wurin ya bushe.

Ina shaida wa jama'a cewa marigayiya ba ta yi ƙarya ba, Kawu Isufu kuma bai sha rabon kowa ba. Ita abin da sama ta zubo take faɗi, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da sama take komawa da shi. Ni ce na karanta wannan a aji, har na ci jarrabawarsa. Na san zafi yana ƙaruwa shekara bayan shekara, na san ɗari huɗun da iyayenmu suka dogara da ita ba ta kai inda take kaiwa a da. Ranar taro ina bayan zana ina ji, ban fito ba. Duk mai neman wanda zai ɗora wa laifi, ga ni.

Ta rasu ta bar turkenta, da littattafai uku da na cika da maganarta, da Inna wadda take tsakanin miji da ƙane ba ta san wanda za ta kai wa fura ba. Ta kuma bar albasa fangali tamanin, bakin ganyensu ya soma ƙonewa. Saura musu sati uku su ƙosa. Jiya aka yi musu ban ruwa na ƙarshe da guga, don abin da ya rage a tabki laka ce. Baba ya ce za su iya kwana biyar.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da sassafe a tsakiyar tabki, inda ƙasa take da sauran laushi. Ba a bukatar goro ko abinci. Kowa ya zo da shebur, da diga, da igiya. Ana gayyatar Kawu Isufu musamman, da injinsa. Baba bai ce in rubuta haka ba, amma na karanta masa bai ce in goge ba.

Za a haƙa kabarin da zurfi fiye da yadda aka saba. In Allah ya sa aka tarar da ruwa, rami ya zama na masu rai, ni zan nema wa marigayiya wani makwanci a gindin turkenta. In kuma zurfin ramin ya kai gaba huɗu amma ƙasa tana nan a bushe, kada kowa ya wahala da haƙa na biyu. Ramin zai ishe ta, ita da albasar Baba.