Rumbun da Ba a Ganin Gindinsa

A wani daji da ke gefen fadama, akwai wata al'umma ta ƙananan dabbobi: kuregu, gafiyoyi, bushiyoyi da 'yan birai. Ba su rasa abinci ba, domin suna da rumbun gyaɗa na gari wanda baƙi ke zuwa kallonsa. Ba su rasa majalisa ba, domin kullum tana zama a ƙarƙashin tsamiya. Abin da suka rasa shi ne tsofaffi. Da zarar ɗayansu ya fara furfura sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce sankara ce ta kama hanta.

A bana abin ya faɗa kan Mati Kurege. Matarsa Kyauta da 'yarsu Ladiyo suka kira Iya Tambai, bushiyar da ke duba marasa lafiya. Ta taɓa cikinsa, sannan ta ce a kawo mata abin da suke ci. Ladiyo ta kawo ƙoƙon gyaɗar da aka raba musu daga rumbu. Iya Tambai ta fasa guda uku, biyu duk fumfuna.

"Kyauta," in ji ta, "na Mati ya yi nisa, sai addu'a. Ke da yarinyar nan nake ji wa tsoro. Ku tashi mu je majalisa."

Suka tarar Damo, shugaban majalisa, yana gyangyaɗi. Barmo Gafiya, Sarkin Rumbu, yana gefensa. Birai kuwa suna ta zuƙar lofe, hayaƙin taba ya cika inuwar. Iya Tambai ta gaishe su, ta ce:

"Ranka ya daɗe, ban zo da magani ba, abin da na gani na zo faɗa. Kowace kaka muna zuba sabuwar gyaɗa a kan tsohuwa tun ba ta bushe ba. Ta ƙasa tana shan danshi, tana fumfuna, ita ce kuma muke rabawa ta ƙofar gindi. Fumfunar nan tana cin hanta a hankali. Mu kwashe rumbun, mu shanya, mu tsince ruɓaɓɓiya mu binne. Mu rage lofen nan. Mu haɗa da ganye a cimarmu, ga zogale can yana tsufa a banza. Mu riƙa taka ƙafa, ba mu wuni a zaune ba. Wanda ya ji wani abu a jikinsa ya zo da wuri. Ban ce wannan zai kori cutar duka ba, amma zai rage ta."

Barmo ya miƙe tun kafin ta rufe baki, gashin bakinsa na rawa.

"Jama'a, kun ji? A kwashe rumbu! Tun kakan kakana ba wanda ya taɓa ganin gindin rumbun nan. Jibi baƙin ƙetaren fadama za su zo. In sun leƙa suka ga rabi, me za mu ce musu? Mu ce bushiya ce ta ga fumfuna? Ni ma ita nake ci, ga ni tsaye!"

"Kai ta sama kake ci, Sarkin Rumbu," in ji Kyauta.

Wani biri ya fashe da dariya, tari ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Batun rumbu na yarda. Amma lofe me ya yi? Shi ke kwantar mana da hankali in mun tuna cutar."

Wuri ya kaure. Masu lofe suka goyi bayan kwashe rumbu, masu aikin rumbu suka goyi bayan hana lofe. Batun taka ƙafa kuwa babu wanda ya tashi ya goyi bayansa. Ladiyo ta dubi hanyar gida, ta dubi uwarta, ta sake duban hanya.

"Inna, Baba fa shi kaɗai ne."

"Bari mu ji hukunci, 'yata."

Sai da rana ta karkata Damo ya buɗe ido sosai, ya gyara murya.

"Majalisa ta damu ƙwarai. Saboda haka ta yanke cewa jibi ta zama Ranar Yaƙi da Sankara. Za a shafe bangon rumbu da farar ƙasa, a yi jawabai, a raba gyaɗa ninki biyu don a nuna ba ma tsoro. Batun fumfuna an miƙa shi ga kwamiti, Sarkin Rumbu zai jagorance shi tunda shi ya fi kowa sanin wurin. Kafin kwamiti ya gama, kada a ga kowa yana zubar da gyaɗar gari."

Aka yi tafi. Iya Tambai ta kakkaɓe jikinta ta kama hanya.

Ranar bikin, Mati bai iya tashi ba. Daga ɗaki yana jin kiɗa. Kyauta ta karɓo rabonsu ninki biyu, ta shimfiɗa tabarma a bayan gida inda rana ke bugawa, ta zazzage. Ta nuna wa Ladiyo yadda ake yi: a fasa, a duba, a sansana; mai kyau dama, mai fumfuna hagu. Tulin hagu ya fi na dama tsayi. Suka haƙa rami suka binne shi, Ladiyo ta ruga fadama ta tsinko zogale don cike gurbin. Da ta dawo, suka koma kan ragowar gyaɗar.

"Inna, in an gan mu fa?"

"An hana zubarwa. Mu binnewa muka yi. Fasa ta gaba."

Daga nesa muryar Barmo na tashi, yana nuna wa baƙi rumbu cike har baki, suna ta mamakin yadda bai taɓa raguwa ba.

Ladiyo ta ci gaba da fasawa. Abin da ta fahimta a ranar ba shi da yawa: rumbun garinsu ba zai taɓa raguwa ba, tunda masu ci daga cikinsa ne ke raguwa.